Filin jirgin da iska ta rufe a tsibirin Brava

Aikin sola ne ya kai ni Cape Verde a watan Janairu, famfunan ruwa muka je haɗawa a tsibirin Fogo, ni da wasu abokan aiki biyu da muka taso tare daga Dakar. Kullum da yamma in mun tashi aiki sai in zauna a bakin gaɓa a garin São Filipe, wurin baƙin yashin nan nasu, ina kallon yamma, can cikin ruwa akwai wani dutse da ke tsaye shi kaɗai da gajimare a kansa kamar ya naɗa rawani. Wata rana na tambayi yaron da ke taya mu jan waya, nace wancan fa akwai mutane a kai? Yace sosai ma, Brava kenan, kakarsa ma 'yar can ce. Nace jirgin sama na zuwa? Sai ya girgiza kai yace da dai yana zuwa, suna da filin jirgi amma an rufe, iska ce ta hana.

Gaskiya ban yarda ba a lokacin. Ni da na taso ina ganin gine-ginen da aka fara aka watsar, asibiti babu rufi, gada rabi a tsaye, in aka ce min an gina abu an bar shi to raina ba ya zuwa kan iska, wani wuri daban yake zuwa. Shi ya sa da muka gama aikin kwana uku kafin ranar komawarmu nace wa abokaina ni fa zan tsallaka in gani da idona.

Ga wanda bai san ƙasar ba, tsibirai goma ne a cikin tekun Atlantika, yamma da Senegal da wajen kilomita 570, tara daga ciki ne ake zaune a kansu, Turawan Fotugal suka mulke su har zuwa 1975. Suna cikin ECOWAS, don haka da koren fasfo ɗina na shiga ba biza, sai dai tambayoyi a filin jirgin Praia, babban birnin ƙasar, sun ɗan yi yawa, ina za ka sauka, nawa ne a hannunka, yaushe za ka koma. Duk wanda ya fito daga ɓangarenmu na Afirka, ko ɗan Najeriya ne ko ɗan Gini ko Senegal, suna ɗaya suke kiranmu da shi, mandjaku, wani da wasa yake faɗa wani kuma kana ji ka san ba wasa ba ne. Brava ita ce ƙaramar cikin waɗanda ake zaune a kai, mutanenta ba su wuce dubu 6 ba, wato ko unguwa ɗaya a Kano ta ninka su.

Tsakanin Fogo da Brava bai fi kilomita 20 ba, tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba a jirgin ruwa, amma wallahi ban taɓa sanin awa ɗaya na da tsawo haka ba. Tun kafin mu fita daga tasha wani ma'aikaci ya bi layi yana raba baƙar leda, ban gane amfaninta ba sai da muka shiga tsakiyar mashigin, jirgin ya ɗaga hanci sama ya dawo ya doki ruwa, ya sake ɗagawa, yara na kuka, wata tsohuwa kusa da ni ta damƙe carbinta irin na Kirista tana ta motsa baki, ni kuma ina ta hasbunallahu wa ni'imal wakil har muka ga fitilun Furna.

Furna ce tashar jirgin ruwan tsibirin, ɗan lungu ne da duwatsu suka kewaye. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne durom-durom shuɗaye na roba da ake ta saukewa, kowanne an rubuta suna da adireshi da farin fenti, an naɗe murfin da salatif. Daga Amurka suke, 'yan uwa ke cika su da shinkafa da man girki da tufafi da takalma su aiko gida. Daga nan muka cusu a Hiace, motar haya kenan a can, muka fara hawa zuwa Nova Sintra babban garin, direban yace kwana 99 ce a hanyar, ban ƙirga ba amma ban musa masa ba don kaina har juyawa yake. A ƙasa zafi ne da gumi, kafin mu kai sama, wajen mita 500 daga bakin teku, sai ga sanyi da wani farin hazo mai laima, ba irin namu na hunturu mai busar da leɓe ba, wannan jiƙa riga yake. Garin tsaf-tsaf, tituna duk dutse aka jera da hannu, shingen gidaje kuma na wata fulawa ce ja dangin zoɓo, ko'ina ita ce. Amma shiru. Gida mai kyau, fenti sabo, tagogi a rufe, ka wuce shi ka tarar da wani haka, ka ƙara gaba haka. Matar da na sauka a gidanta tace masu su duk suna Amurka, sai lokacin bikin São João a watan Yuni suke zuwa garin ya cika, in an gama su kulle su koma.

Matar nan ta kyauta min. Abincinsu na yau da kullum kacupa ne, surfaffiyar masara da wake ake dafawa su yi lugub, sai dai yawanci da naman alade a ciki, da na yi mata bayani da guntun Faransancina da hannu da ka sai ta gane, ta dafa min nawa daban a wata tukunya da kifi, har ta ɗago tukunyar ta nuna min don hankalina ya kwanta. Da safe ta soya ragowar da albasa ta ɗora ƙwai a kai. Na ci na ƙoshi nace Allah ya saka.

Filin jirgin yana yammacin tsibirin, kusa da wani ƙauye Fajã de Água, a wani wuri da ake ce wa Esperadinha. Hanyar sauka ƙauyen a jikin dutse aka sare ta, gefe ɗaya bango gefe ɗaya rami har teku, in ka leƙa ta taga sai ka hango gidajen a jere a bakin ruwa ƙanana kamar akwatin ashana, bayansu kwari ne kore shar da mangwaro da kwakwa da rake. Layi ɗaya ne ƙauyen gaba ɗaya. Ina sauka daga mota na tsaya ina waige-waige sai wani dattijo da ke zaune kan katangar bakin teku da hular hana sallah a kansa ya yi min magana da Turanci, Turancin Amurka sak, yace ɗan saurayi me kake nema. Nace Baba filin jirgi nake nema. Yayi dariya yace ka makara da shekara ashirin. A can in za ka girmama namiji Nho ake cewa, mace kuma Nha, to ni dai Baba na ci gaba da ce masa, da na faɗa masa ma'anarta a wurinmu yace ya karɓa.

Shekara talatin da wani abu yayi yana aiki a masana'anta a Brockton, jihar Massachusetts ta Amurka, da ya yi ritaya ya dawo gida. Shi ya fara nuna min wani ɗan gini na tunawa da ke kusa da cocin ƙauyen, na mutanen da suka shiga wani jirgin ruwa mai suna Matilde a 1943, kimanin mutum 50, lokacin ana yaƙin duniya ga fari da yunwa sun addabi tsibiran, suka nufi Amurka daga wannan gaɓar da muke tsaye, har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yace kusan kowane gida a ƙauyen akwai wanda ya rasa a ciki. Kuma wannan hanya ta Amurka ba yau aka fara ta ba, tun ƙarni na 19 jiragen Amurkawa masu farautar manyan kifayen nan da ake tatsar mai a jikinsu suke tsayawa a nan su ɗebi ruwan sha su ɗebi samari ma'aikata, daga nan samarin suka zauna a New Bedford da garuruwan kusa, suka jawo ƙannensu, ƙannen suka jawo 'ya'yansu. Su kansu mutanen Brava da yawa kakanninsu gudun hijira ne ya kawo su, daga Fogo, lokacin da dutsen can yayi aman wuta a 1680. Yace mu dai tun asali ruwa ne ke kawo mu ruwa ne ke ɗauke mu.

Yace zai raka ni, nace Baba kar in wahalar da kai, yace ai kullum sai ya taka har can saboda gwiwa, likita ne ya sa shi. Muka bi hanyar da ta yi kudu daga ƙauyen, teku na hannun dama, muka wuce wasu ramukan dutse da igiyar ruwa ke cikawa yara na wanka a ciki, muka ɗan hau muka sauka, ba mu yi minti arba'in ba sai ga shi.

Ban san me na zaci zan gani ba, amma abin ya taɓa ni. Wani ɗan fili ne shimfiɗaɗɗe, shi kaɗai ne wuri mai laushin kwanciya da na gani tun da na shigo tsibirin, an matse shi tsakanin dutse da teku kamar tabarma a soro. Kwaltar tana nan, ta yi fari-fari saboda rana da gishiri, ta tsattsage, ciyawa mai ƙaya ta fito ta cikin tsagar, kashin awaki ko'ina, su awakin ma suna can ƙarshe suna kallonmu ba su ko motsa ba. Duwatsu ƙanana da manya da suka gangaro daga sama sun warwatsu a gefen da ke jikin tsaunin. Ɗan ginin da fasinja ke jira yana tsaye, ba ƙofa ba taga, na shiga na tarar da ƙasa da fasassun kwalabe da sunayen da samari suka rubuta a bango. Babu mai gadi, babu shinge da zai hana ka, babu kowa, daga mu sai ƙarar ruwa na dukan duwatsu a ƙasa.

A 1992 aka buɗe shi, a 2004 aka rufe. Shekara 12 kenan kacal. Tsawon titin bai kai mita 600 ba, na taka shi da ƙafata daga wannan baki zuwa wancan, minti bakwai ya ɗauke ni ba sauri nake ba, kuma inda kwaltar ta ƙare ba wani fili a gaba da za a ce jirgi in ya zarce zai gangara ya tsaya, duwatsu ne sai ruwa. Ka kwatanta da na filin jirgin Malam Aminu Kano da ya haura kilomita 3. Ƙananan jirage masu farfela ne kawai ke iya sauka a nan, irin masu ɗaukar mutum goma sha wani abu.

Ina tsakiyar titin ne na samu amsar tambayar da ta kawo ni. Da muka iso wurin lumui yake, har ina cewa a raina ina iskar take, kawai sai naji wani abu ya bugo ni ta gefe daga saman dutsen, hulata ta tashi sai da na bi ta da gudu, rigata ta cika tam kamar buhu, na ɗan tangaɗa. Kafin in gyara tsayuwa ta ɗauke ɗif kamar an kashe fanka. Bayan minti biyu ta dawo, wannan karon ta wani ɓangaren daban. Baba yana tsaye ya riƙe tasa hular da hannu ɗaya, yace to ka gani, yau ma ranar kirki ce.

Ni ba matuƙin jirgi ba ne amma abin ba shi da wuyar ganewa in kana tsaye a wurin. Jirgi in zai sauka so yake iska ta zo masa ta gaba, ta hanci, tsayayya, ita ke riƙe shi ya sauka a hankali ya tsaya da wuri. Iskar wannan yanki kuwa daga arewa maso gabas take busowa kusan duk shekara, ita ce ma ke kwaso musu ƙurar Sahara a watannin hunturu, irin hazon da ke hana jirage sauka a Kano, su suna ce masa bruma seka. To filin yana yamma, a bayan tsaunuka, kuma tsaunin Brava mafi tsawo ya kai mita 976, sai iskar ta hau ta tsallako ta zubo ta cikin kwaruruka, ta iso a karye, tana juyi, wani lokaci ta gefe wani lokaci ta danno daga sama. A dogon titi matuƙi na da sararin gyara kuskure, a nan babu, in iska ta ture shi taku kaɗan hagu dutse ne, dama teku ne. Baba yace sau da yawa suna tsaye a nan da jakunkuna za su ga jirgin ya taho daga Praia, ya sauko har kana ganin fuskar matuƙin, sai ya ƙara wuta ya tashi, ya zagayo ya sake gwadawa, daga nan ya juya ya tafi, kowa ya ɗauki kayansa a koma gida sai wani satin. Ba Brava kaɗai ba ce, tsibirin Santo Antão ma da ke arewa nasu filin na Ponta do Sol a rufe yake, can ma a 1999 wani ƙaramin jirgi ya daki dutse mutum 18 suka rasu. Da na tuna wannan sai naji ba zan iya zagin wanda ya sa hannu aka rufe na Brava ba, ko ni ne aka ba wa alƙalamin ina ganin abin da zan yi kenan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tun farko da aka zo aunawa ba a ji iskar ba ne, ko kuwa an ji aka ce a gwada tunda duk tsibirin babu wani fili sai wannan. Baba yace na biyun ne, kuma shi bai ga laifinsu ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Muka zauna kan wani dutse a inuwar ginin, ya ciro mangwaro biyu daga aljihu ya ba ni ɗaya. Yace sau ɗaya tak ya taɓa sauka a nan, a 1996, shi da matarsa da 'yarsu, daga Praia minti talatin da wani abu, mahaifiyarsa na tsaye daidai wurin can, ya nuna da yatsa, ta ɗaura sabon kallabi, ƙauyen gaba ɗaya sun fito. Yace ranar ya ɗauka shi kenan Brava ta matso kusa da duniya. Sai yayi shiru yana ɓare mangwaron da haƙori. Yace da tsohuwar ta rasu, bayan an rufe filin, daga Boston zuwa Praia kwana ɗaya yayi, tekun Atlantika gaba ɗaya ya tsallake a dare ɗaya, amma daga Praia zuwa nan sai da ya kwana biyar yana jiran jirgin ruwa saboda teku ta ƙi, kafin ya iso an binne ta.

Ban iya ce masa komai ba sai Allah ya jiƙan iyaye, da Hausa ma na faɗa, ya gyaɗa kai kamar ya ji. Ni ma ina Dakar mahaifina ya rasu a Katsina, da asuba aka kira ni, kafin azahar an kai shi, na san wannan ciwon, ba ya tafiya.

Azahar ta yi muna wurin. Ban ga masallaci ba tun da na shigo tsibirin, na yi alwala da ruwan gorata, na duba alƙibla a waya, ta nuna min wajen tsaunin, na shimfiɗa ɗankwalin da nake yawo da shi a kan kwaltar, sai da na danne kusurwa huɗu da duwatsu kafin ya zauna. Na haɗa azahar da la'asar ƙasaru. Ina sujada ina jin ɗumin kwaltar a goshina da warin gishiri, iskar na wucewa ta bayana. Da na sallame na ga Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana jirana daga nesa, ya kuma kore awakin da suka nufo inda nake.

Washegari ya kamata in koma Fogo. Na sauko Furna da jakata tun da sassafe na tarar an manna takarda a ƙofar ofishin tikiti, babu jirgi, teku ta yi ƙarfi. Washegari ma haka. Abokan aikina suka tashi zuwa Praia suka bar ni, tikitina na Dakar ya ƙone, na kira gida ina bayani, da yake agogon Najeriya na gaban nasu da awa biyu har na tashi maiɗakina daga barci ba ta gane me nake cewa ba, wai wace irin ƙasa ce babu mota babu jirgi. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar farko. A rana ta biyu ne na lura da wata yarinya mai tsohon ciki zaune kan benci a tashar, mijinta na riƙe da jaka da fayil ɗin asibiti, uwarta na mata fifita da kwali. A tsibirin akwai ƙaramin asibiti, amma duk abin da ya kai ga tiyata sai an tsallaka da mutum Fogo ko Praia, ita kuma an ce mata yaron ba daidai yake kwance ba, ta tafi da wuri kar naƙuda ta same ta a nan. Su ma kwana biyu kenan suna saukowa suna komawa. Mijin ba ya ko zama, ya je bakin katanga ya kalli ruwa ya dawo, ya sake zuwa. Daga lokacin ban ƙara maganar tikitina ba.

A rana ta uku da la'asar jirgin ya shigo. Aka fara shigar da ita, ma'aikata biyu suka riƙe ta a matakala saboda jirgin na ta hawa da sauka a jikin gaɓar, aka ba ta kujerar tsakiya can baya inda girgiza ta fi sauƙi. Ni na samu wuri a jere na gaba da su. Da muka fita daga lungun Furna igiyar farko ta ɗaga mu, naji uwar ta fara addu'a da yarensu a bayana, ni ma na fara tawa, mai rabon leda ya biyo layi.